Zuwa Bayan Bagwai Wurin Mutumin Da Ya Ara Mini Famfo

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ko addu'ar bayan salla ban tsaya na gama a masallaci ba, a mota na ƙarasa ta. Mu uku ne: ni, da tsohon direban sashenmu wanda ya yi ritaya bara amma har yau ba ya yarda wani ya ja mota yana zaune, sai abokin aikina na sashen talla. Masu bibiyata sun san na shekara goma sha tara ina aikin injiniya a wani babban kamfanin sadarwa a Kano, kun saba ganin hotunana da hular kwano a gindin ƙarfen sabis. To wannan tafiyar ba ta aiki ba ce. Wani ƙauye muka nufa a bayan Bagwai, wurin wani mutum mai suna Malam Sabi'u. Rabona da shi shekara goma sha uku, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda nake gudun haɗuwa da shi kamarsa.

Malam Sabi'u tsohon injiniya ne a kamfanin da ke gogayya da namu. Sai na ɗan yi muku bayanin yadda muke kallon mutanen wancan kamfanin, in ba haka ba ba za ku gane nauyin tafiyar ba. A ofishinmu ba a kiran sunansu, 'yan kwafi muke ce musu. Mun yi imani duk abin da suka fito da shi namu suka leƙa. Mu rage kuɗin kira da safe, su rage da yamma. Mu kafa ƙarfe a gari, kafin wata ya mutu ka ga nasu ya tsiro a gefensa. In sabis ɗinmu ya ɗauke, abu na farko da wani zai ce shi ne a duba ko su ne suka datse mana waya wajen haƙa. In nasu ne ya ɗauke kuwa, akwai ranar da manajanmu ya aika aka sayo mana tsire. Mun taɓa ƙaurace wa wata mai abinci wata guda cur, don an ga ma'aikatansu biyu suna cin shinkafa da wake a kan bencinta. Yunwa ce ta sasanta mu da ita. A kama ka da layinsu a waya, gara a kama ka kana barci a mitin. Duk da haka na san mutum huɗu a sashenmu da ke ɓoye layin a ƙaramar waya cikin aljihun wando. Ni ne na biyar.

Gari ya fara haske muna Bacirawa. Lokacin da na fara aiki nan ne ƙarshen gari, kana wuce ta sai gonaki. Yanzu gidaje ne ko'ina, sai dai rabinsu a linta suka tsaya. Bulon ya sha damina biyu ko uku har ya yi baƙi, wani ma kabewa ta haye bangon ta yi 'ya'ya inda ya kamata a ce falo ne. Tsadar siminti ta riski masu su a tsakiyar hanya. Titin da a da ake cunkoso tun safe ya yi sauƙi har na yi mamaki. Direbanmu ya ce ba hanya ce ta yi faɗi ba, motoci ne suka kwanta a gida. Mutane kuwa ga su nan birjik a bakin titi, kowace mota ta taho sai hannaye su tashi.

A Dawanau muka tsaya shan shayi. Tambayar farko da mai shayin ya yi mana ita ce, "Fari ko baƙi?" Na leƙa kofunan mutanen da ke kan benci, kusan duk baƙi ne, babu madara. Burodin ya ƙanƙance, ga shi kana matsa shi zai koma kamar audugar matashi. Abokina na talla ya ce a soya masa ƙwai biyu, sai na ga mutanen benci sun juyo suna kallonsa kamar wani ɗan majalisa ne ya shigo. A gefenmu manyan motoci na ta lodin buhunan hatsi, ga kuma wani dattijo ya tsaya yana ciniki a kan gwangwani biyu na dawa, yana ƙulla ta a bakin rawaninsa.

Daga nan muka saki babban titi muka kama hanyar Dawakin Tofa. Ni garin nan ba na shigarsa ban ji wani abu a ƙirjina ba, domin a makarantar kimiyyar da ke can na yi sakandare. A can na fara buɗe cikin rediyo, na kuma kasa mayar da ita yadda take. Masu tukwane suna nan yadda na san su, randuna da tuluna jere a rana jajawur. Na tambayi wata tsohuwa ya kasuwa, ta ce alhamdu lillahi, tun da wuta ta yi tsada masu firij ma sun dawo neman randa.

Muna fita garin abokina ya ce a tsaya, ya ga wani shago. Shekarun baya shi ne ya jagoranci masu fentin da suka bi ƙauyukan nan suna shafa wa shaguna launin kamfaninmu. Ya ce wannan shagon sau huɗu suna fente shi, domin duk sanda suka juya baya sai 'yan kwafi su zo su shafe da nasu. Yanzu fentin ya ɓare, namu na leƙowa ta ƙarƙashin nasu, rana ta cinye duka biyun har ba ka gane wane ne wane. Mai shagon yana nan, ya yi furfura. Ya gane abokina, ya yi ta dariya.

"Alhaji, ai ku ne kuka kyauta min," in ji shi. "Shekara biyar ban sayi fenti ba, ban sayi riga ba. Ku kawo, su kawo."

Abokina ya tambaye shi to yanzu wane layi yake amfani da shi. Ya fiddo waya ya nuna mana, duka biyun ne a ciki. Ya ce wanda ya wayi gari da sabis, ranar shi ne nasa.

Tsakanin Dawakin Tofa da Bagwai babu daji. Wanda bai san yankin nan ba zai yi ta jiran inda gonaki za su ƙare, ba kuwa za su ƙare ba. Gona jikin gona, ƙauye na hango ƙauye, ɗorawa da gawo da kuka tsaye a tsakanin kunyoyi, kowace bishiya da mai ita. Mun je daidai ana yankan gero, dammuna jingine a bakin hanya, dawa kuma ta fara ja. Abin da na lura shi ne masara ta yi ƙaranci ƙwarai. Wani manomi da muka rage wa hanya ya ce masara sai da takin zamani, buhun taki kuwa ya fi ƙarfin talaka, shi ya sa kowa ya koma gero da dawa da wake, ana bin su da takin gida. Amalanken shanu da jakuna sun dawo hanya sosai. Kwalta tana da kyau a wasu wuraren, a wasu kuwa direbanmu ya ce ba ramuka ne a titi ba, titi ne a tsakanin ramuka.

Ina kallon ƙauyukan ina tuna zuwanmu na farko da sabis. A lokacin in mutum zai yi waya sai ya hau suri ko ya ɗare bishiya, yana ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Ranar da muka kunna ƙarfenmu na farko a yankin, wata tsohuwa ta ji muryar ɗanta daga Legas, ta jefar da wayar ta yi salati, sannan ta ɗauka ta rangaɗa guɗa. An kawo mana fura a ƙwarya ta fi goma. Muna samari, muna da ƙarfi, motocin ofis sababbi, man gas ba a tunaninsa. Mun ɗauka mu ne muka kawo wa mutane duniya, kuma duk wanda ya zo bayanmu ɓarawon wahalarmu ne.

Wajen hantsi muka wuce Bagwai, muka bi wata hanyar burji har zuwa wani ɗan tudu. Ƙarfen sabis biyu ne a wurin, tsakaninsu bai fi taku ɗari biyu ba. Namu yanzu tsirara yake, an sauke komai, tsatsa na cinsa. Tsadar man gas ta sa kamfanonin biyu sun haɗa kayansu a kan ƙarfe ɗaya, janareta ɗaya na ba su wuta. Na ce wa direba ya tsaya, muka fito. A nan na ba abokina labarin da ya kawo mu, don har lokacin ce masa kawai na yi dubiya za mu.

Shekara goma sha uku da suka wuce, tsakiyar damina, famfon man janaretanmu na wannan tudun ya mutu. Kwana biyu ƙauyukan nan babu sabis ɗinmu. Babu famfon a sitonmu na Kano, manaja kuma ya ce min in aka kwana na uku kada na dawo ofis. Ina zaune a gindin janareta bayan la'asar, hannu duk baƙin mai, sai ga wani mutum ya tako daga ɗaya ƙarfen, sanye da rigar 'yan kwafi. Na haɗe rai, don na ɗauka dariya ya zo yi. Ya yi sallama, ya duba injin, ya koma motarsa ya ɗauko sabon famfo a kwalinsa. Tare muka ɗaura shi. Janareta ya tashi kafin magariba. Ya ce sunansa Sabi'u, famfon na ajiyar kamfaninsu ne, in namu ya iso na cire na dawo masa da shi. Muka yi musayar lamba.

Na koma ofis aka yi ta tafa min. Ban ce wa kowa ga inda famfon ya fito ba, na bari suka ɗauka gyara na yi. Wa zai tsaya a gaban manaja ya ce 'yan kwafi ne suka cece mu? Aka ba ni lambar yabo, aka ƙara min matsayi. Famfonmu kuwa bai iso ba sai bayan wata biyu. Kafin nan an yi binciken kaya a sitonsu, aka nemi famfo a hannun Malam Sabi'u. Ya faɗa musu gaskiya, suka ce ya kawo shaida. Ya kira ni ya fi sau goma. Ina riƙe da wayar ina kallon sunansa har ta katse. Ya turo saƙo cewa layi biyu kawai yake so na rubuta na sa hannu. Na san in na rubuta, labarin zai iso ofishinmu. Ban rubuta ba. Suka ce sayar da famfon ya yi, suka kore shi da sunan sata. Da namu ya iso na cire nasu na ba mai gadin ƙarfensu, na ce ya ajiye. Mai shi ya riga ya tafi.

Watan jiya ne, a wani mitin na haɗin gwiwa kan ƙarafan da muke tarayya a kansu, na yi ƙarfin hali na tambayi wani tsohon ma'aikacinsu labarinsa. Ya ce ya koma ƙauyensu noma tun lokacin, kuma bara ya samu shanyewar ɓarin jiki. Tun ranar abinci ya daina yi min daɗi.

Abokina ya ce, "Ka san ni na rubuta labarinka a mujallar ofis? Har na ce da su ne, da sun yi sati ba sabis."

Direbanmu kuwa yana jingine da mota yana sakace. Shi ne ya kawo ni tudun ranar, duk abin a gabansa aka yi, bai taɓa tayar min da maganar ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Injiniya, shekara goma sha uku ina jira ka ce mu zo. Ku shiga mu tafi, rana na yi."

Ƙauyen bai fi tafiyar minti goma daga tudun ba. Ba zan faɗi sunansa ba. A bakin gari muka tarar da wasu mutane suna sussukar gero, muka tambayi gidan Malam Sabi'u injiniya. Suka kalli juna. Ɗaya ya ce, "Wane Sabi'un? Ko Sabi'u Famfo?" Ya faɗa ne ba da mugunta ba, yadda ake faɗin kowane laƙabi da ya zauna. Sunan da shiruna ya raɗa masa ke nan, har ya bi shi gida.

Babban ɗansa ne ya fito da muka yi sallama, magidanci mai kimanin shekara talatin, yana gyaran waya da cajin sola a kasuwar garin. Ya shimfiɗa mana tabarma a soro. Da na faɗi sunana da inda nake aiki sai fuskarsa ta canja. Ya shiga ciki. Jim kaɗan ya fito riƙe da mahaifinsa, yana jan ƙafar hagu. Mutumin da na sani ƙaƙƙarfa mai faɗin kafaɗa ya rame, gemu fari fat, hannu ɗaya a naɗe a ƙirji. Amma idon yana nan. Ya zauna, ya dube ni sosai, bakinsa ya ɗan karkace da murmushi.

"Injiniya," ya ce a hankali, "sai yau ka ɗaga wayar?"

Duk maganar da na tsara tun daga Kano ta gudu. Na sauka daga tabarma na durƙusa a gabansa, na ce na zo neman gafara, na ci amanarsa, ba ni da wani uzuri sai tsoro da son matsayi. Ya bar ni na gama. Maganarsa tana fita da nauyi, sai ka kasa kunne, amma babu kalmar da ta ɓace min.

Ya ce shekara biyu yana jin haushina, ko sunan kamfaninmu aka ambata sai ransa ya ɓaci. Daga baya ya ga abin na hana shi barci ni kuwa ina can ina nawa, sai ya yafe don ya huta. Na tambaye shi abin da ya daɗe yana damuna: me ya sa ya taimake ni ranar, alhali ya san ko ni wane ne?

"Ba don kai na yi ba," ya ce. "Garin nan ne garinmu. Lokacin kowa layinku gare shi, har mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Tana kwance ba lafiya, 'yan'uwana na Kaduna da Fatakwal sun kwana biyu ba su ji ta ba. Ni kaina da layinku nake kiranta. A cikin safa nake ɓoye shi in zan shiga ofis."

Abokina na talla ya kasa riƙe dariya, shi ma Malam Sabi'u ya yi har da tari. Abokina ya tambaye shi, to su me suke ce mana a ofishinsu? Ya ce 'yan surutu. Wai mu talla muka iya, su ne masu aiki. Duk sanda sabis ɗinsu ya ɗauke sai a ce a duba ko mu ne muka datse musu waya. Ranar da namu ya ɗauke a Kano gaba ɗaya, ogansu lemo ya raba. Na ce mu tsire aka raba mana. Ya ce to kun fi mu manaja.

Ɗansa bai yi dariya ba. Yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a harɗe. Malam Sabi'u ya dube shi, ya dawo da ido kaina.

"Ni na yafe, Injiniya, tsakanina da Allah. Amma yafiyata ba ta goge sunan da ake kirana da shi ba. Na faɗa wa mutanen garin nan gaskiya, suka ce kowane ɓarawo haka yake cewa. Jikokina ana ce musu jikokin Famfo. In da gaske ka zo, an kusa azahar. Abin da ka faɗa min a soro, ka faɗa a masallaci."

Na yi jawabi a gaban manyan kamfani, na hau ƙarfe ana iska, amma babu wanda ya kai na ranar wuya. Masallacin unguwar ƙarami ne, na ƙasa, an yi masa rufin kwano. Sahu uku muka yi, yawanci manoma da suka dawo daga yankan gero da ƙaiƙayi a jikinsu. An ɗauko Malam Sabi'u an zaunar da shi a kujera a ƙarshen sahu. Daga baya na ji rabonsa da masallacin tun kafin ciwon, a gida yake sallarsa. Da aka sallame, direbanmu ya raɗa wa liman, liman ya ce jama'a a ɗan dakata, baƙo na da magana.

Na miƙe na faɗi sunana da na mahaifina da inda nake aiki. Na ce shekarar da sabis ya ɗauke kwana biyu a garin nan da damina, wannan bawan Allah ne ya dawo muku da shi, ba ni ba. Bai saci famfo ba, bai sayar ba, ara min ya yi. Ya neme ni na ba da shaida na ɓuya. Aikinsa ya tafi, ni aka ƙara min girma. Direbanmu ya tashi ya ce shi ganau ne, a gabansa aka ɗaura famfon.

Sai wani tsoho daga sahun gaba ya juya ya ce, "Innalillahi. Sabi'u, ashe shekara da shekaru namanka muke ci. Ka yafe mana." Liman ya yi gajeriyar nasiha, ya ce daga yau duk wanda ya sake kiran wancan sunan shi da Allah. Mutane suka taso ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu. Shi kuwa yana miƙa hannun damansa, hawaye na bin gefen fuskar da ba ta motsi, bai ma san suna zuba ba sai da ɗansa ya share masa da bakin riga.

Mun koma soro aka fito mana da dambun gero da zogale, an zuba man gyaɗa da yaji, sai fura mai sanyi daga randa. Ban san ko yunwa ce ko sauke nauyi ba, amma na manta rabon da na ci abinci haka. Maiɗakinsa ta yi magana daga bayan labule, ta ce ita ba ta taɓa shakkar mijinta ba ko rana ɗaya, amma ta gode Allah da ya nuna mata yau suna raye. Muka zauna har la'asar ana hirar da: yadda ake kwana uku a daji ana kafa ƙarfe, da macijin da ya taɓa kwana a janaretansu, da masu gadin ƙarafan biyu da ashe tukunya ɗaya suke dafa abinci duk tsawon gabar da muke yi a birni. Na yi masa alkawarin zan rubuta wa tsohon kamfaninsa takarda da sa hannuna, in kuma ba ofishinmu kwafinta. Ya ce na yi tunani, ina da iyali. Na ce na yi tunanin shekara goma sha uku, ya isa. Shi ne kuma ya ba ni izinin rubuta muku wannan labarin.

Da za mu tafi suka sa mana damin sabon gero da ɗanyar gyaɗa a but ɗin mota, duk ƙin da muka yi. Ɗansa ya rako ni har mota. Ya ce, "Malam, shekarar da aka kori Baba na samu gurbin karatun injiniya a jami'a. Ban je ba. Baba ya yafe maka, na kuma ga abin da ka yi yau. Ni sai a hankali." Na ce ya yi gaskiya, ba ni da bakin neman fiye da haka. Ya ba ni hannu, bai matse ba, amma ya ba ni.

A hanyar dawowa muka wuce Bagwai. Rana ta yi sanyi, amalanke na ta shiga gari da dammuna. Sai wajen Dawakin Tofa abokina ya nisa ya ce shekara ashirin yana ƙin mutanen da bai taɓa zama da ko ɗayansu ba sai yau. Direbanmu ya ce su direbobin kamfanonin biyu tun tuni suke adashin suna da biki tare, manyan ofis ne kawai ba su sani ba. Mun sayi gasasshiyar masara a Dawanau, ƙananan kai, mai ita na rantsuwa ba riba. Ana kiran magariba muka shigo Bacirawa, muka sauke abokina, direbanmu ya sauka a ƙofar gidansa ya miƙa min makulli, na isa gida kafin isha'i.

Abin da na taho da shi daga tafiyar nan bai da yawa, amma ya ishe ni. Gabar da aka koya mana a ofis mun ɗauke ta kamar gado, alhali waɗanda muke ƙi irinmu ne sak, aiki ɗaya, tsoron manaja ɗaya, har ƙaryar da muke yi wa juna iri ɗaya ce. Da shekarun wuya suka zo, kamfanonin sun haɗa kai cikin mitin ɗaya ba tare da wani ya ji kunya ba. Mutanen da aka tattake a lokacin gabar ne babu wanda ya koma ya duba. Kuma na gane neman gafara yana da lokaci. Da na ƙara shekara ɗaya ina jan ƙafa, wataƙila ta'aziyya zan je, in faɗi gaskiyar ga mutanen da ba za ta amfane su da komai ba.

Bayan na yi salla na kira wayar Malam Sabi'u don na sanar da su mun sauka lafiya. Ɗansa ne ya ɗauka. Ya ce madalla, ya gajiya. Na ce ya ba ni Malam mu gaisa, ya ce sai dai anjima, yana ƙofar gida a kan tabarma, mutane sun cika wurin tun bayan tafiyarmu, ya ƙi yarda a shigar da shi. Ina jiyo hayaniya da dariya ta cikin wayar. Ya fara cewa, "Baba ya ce na faɗa maka…" sai layin ya katse. Ko namu ne ya ɗauke ko nasu, ban sani ba, ban kuma duba ba. Na sake kira.